Rasuwar Mai Tumbi, Tulun Giyar Gidan Vondra

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsa ɗaure da bandeji, Zdenka Vondrova na sanar da rasuwar Mai Tumbi, tulun gilashin da marigayi mijinta Vratislav Vondra ya shekara talatin da ɗaya yana haɗa giya a ciki.

Ranar Talata labarin ya same ta, tana layin sayen burodi. Maƙwabciyarta Kveta ce ta zo tana haki, ta ce ta ji ƙara daga ɗakin ƙasa na gidan Zdenka kamar an harba bindiga, kuma duk unguwar na ƙamshin giya, ƙamshin Vratislav.

Marigayi Mai Tumbi mai haƙuri ne. Bai taɓa tsamar da giya ba. A kusurwa yake zaune, sanye da tsohuwar rigar sanyin maigidan, ba ya cewa komai sai ta ɗan bututun da ke bakinsa: "Bulub… bulub." Tun da aka binne Vratislav bara, ba a sake jin wannan murya ba, sai makon jiya da Zdenka ta ɗora giya da kanta don cikar shekara da rasuwarsa. Kwana shida gidan yana da mai numfashi bayan ita.

Ajalinsa a hannunta ya zo, ba za ta ɓoye ba. Vratislav na son giya mai ɗaci, mai yawan furen hop, tsiron da ke ba giya ɗaci, har yakan tsokane ta da cewa giyar da ba ta sa mutum ya murtuke fuska ba shayi ce. Shi da ma'auni yake zuba furen. Ita ba ta iya karanta ma'aunin da ya rubuta ba, sai ta zuba da hannu, ta ƙara, don ya ji daɗi. Furen ya taso ya toshe bututun. Mai Tumbi ya yi shiru kwana guda, ta ɗauka barci yake, ashe iska ce ke taruwa a cikinsa har ya fashe.

Ya bar tukunya, da ma'aunin zafi, da kwalabe arba'in da aka wanke aka jera, ba abin zuba musu.

Za a binne gutsattsarinsa ranar Lahadi bayan coci, a gindin hop ɗin bayan gida. Abokan Vratislav da aka gayyata shan giya su zo duk da haka, kowa da tasa giyar, da takalmi mai kauri. Kada a kawo mata sabon tulu.

Rigar sanyin ta wanku, an tsince gilashin. Kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan kofi, Zdenka takan kashe rediyo, ta tsaya a bakin matakalar ɗakin ƙasa, ta kasa kunne.