Ranar da Na Kai Ƙarar Kaina

Ba zan taɓa mantawa ba da zaman kwamitin wasanni na kwalejinmu a Azare, ina aji biyu, ina kuma kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon Sashen Hausa. (Ba iyawa ce ta ba ni muƙamin ba, na dai fi kowa murya a fili.)

'Yan Sashen Lissafi sun ci mu biyu da ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe. Washegari wani ya raɗa mini cewa dogon nan ɗan Jama'are da ya zura mana duka ƙwallayen bai sabunta rajistarsa ba, wato a doka bai cancanci buga wasan ba. Na zauna na rubuta ƙorafi shafi uku, na nemi a kori sashensu gaba ɗaya daga gasar har shekara biyu.

Ranar zama na sa farar shadda har da hula. Shugaban kwamitin, Malam Goni, dattijo ne ɗan asalin Borno, ba ya katse mutum. Ya bar ni na yi ta zuba. Na ce doka ba ta san sani ba, na ce duk wanda ya saka ɗan wasan da bai cancanta ba ya ci amanar makaranta, har na buga tebur. Kyaftin ɗinsu, Usman ɗan Disina, ya sunkuyar da kai, domin shekararsa ta ƙarshe ke nan, idan aka kore su ya gama ƙwallo a kwaleji.

Da na zauna, Malam ya ce adalci shi ne a duba takardun ɓangarori biyu. Hajiya Rabi, sakatariyar kwamitin, ta buɗe rahotannin alƙalan wasa tana bi da yatsa. Sai ta ɗago ta tambayi wane ne mai lamba huɗu a Sashen Hausa. Na miƙe da fara'a na ce ni ne.

"Ka karɓi katin gargaɗi a wasanni biyu a jere," in ji ta. "Kai ma bai kamata ka buga wannan wasan ba."

Wallahi na manta da katin farko. (Na biyun kam ina tune da shi, surutu na yi wa alƙali.) Gumi ya jiƙa bakin hular, na rasa inda zan ajiye idona.

Malam Goni ya gyara tabarau ya ce, "To ɗana, shekara biyun ce ku ma, ko a ƙara muku?"

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Malam, ai doka ma tana son a duba yanayi." Har Hajiya sai da ta rufe baki da mayafi.

Usman ne ya cece ni, mutumin da na zo rusawa. Ya nemi izini ya ce bai ga dalilin da laifin mutum biyu zai hana mutum talatin wasa ba, a hukunta masu laifin, a sake karawa. Kwamitin ya amince, har ya mayar da hakan doka, wadda na ji ana bi har yau. Aka dakatar da ni da ɗan Jama'are wasa uku-uku.

Ranar da aka sake wasan mun zauna benci ɗaya ni da shi, muna cin gyaɗa. 'Yan sashenmu suka ci uku ba ko ɗaya, kuma babu wanda ya ce ya yi kewar lamba huɗu.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Katagum, ni ke kula da wasanni. Duk ɗalibin da ya zo mini da zafi yana neman a yi wa wani hukunci mai tsanani, nakan ba shi kujera, in ce ya faɗi wanda shi zai iya ɗauka idan aka duba aka ga sunansa. Yawanci shekara biyu takan dawo wasa ɗaya kafin ya gama zama.