Takardar da Ta Raba Gidanmu

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da Talatar da na tsaya gaban alƙali da fayil a hammata ba, na sha shadda da guga kamar mai zuwa karɓar lambar yabo.

Ni dai sana'ata buga takardu ce. Ina da ɗan shago a nan Daura, ba nisa da kotu, kwamfuta ɗaya da injin fotokwafi mai yawan gardama. Na fi shekara goma ina buga wa mutane takardar rantsuwa, yarjejeniyar haya, takardar cinikin fili da sauransu. Tun ana kira na Barista da wasa har na daina jin wasan a ciki. (Har baƙar jaka na saya saboda sunan, Allah ya yafe mini.) Idan mutum ya kawo aiki, ba na bari ya tafi sai na ɗora masa shawarar da bai tambaya ba.

Mu uku ne a wurin Baba. Yaya Sani ne babba, yana Baure yana harkar dabbobi. Sai Yaya Rabi, sai ni auta. Inna ta daɗe da rasuwa. Da mijin Yaya Rabi ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta biyu, dawowar kuma ta zo daidai da lokacin da idon Baba ya fara dushewa. Shekara tara ita ke dama masa kunu, ita ke wanke masa kaya, ita ke lissafe da lokacin maganinsa. A tsakar gidan take suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, da shi take riƙe da kanta da yaran. Mu maza dai sai Juma'a mu leƙo mu ce, "Baba ya jiki?" mu ci tuwonta mu tafi.

Wata rana bayan la'asar Baba ya tsayar da ni a zaure.

Ya ce, "Auta, gidan nan na Rabi ne. Kai da Sani kowa yana da inda zai sa kansa. Ka kira mini Liman da mutum biyu, in ba ta tun ina da sauran ƙarfina. Ni ɗakin zauren nan ya ishe ni."

Maimakon in ce to, sai na gyara zama. Na ce, "Haba Baba, wannan ai na da ne. Maganar baki yanzu ba ta aiki. Wasiyya za mu rubuta, da hatimi da shaidu, babu kotun da ta isa ta taɓa ta."

Ya ce, "Na ji kamar malamai na cewa ba a yi wa magaji wasiyya."

Na ce, "Wannan idan ba a rubuce take ba ne."

Har yau ban san inda na samo wannan amsa ba. Ba a littafi na gani ba, ba wani ne ya faɗa mini ba. Bakina ne kawai ya ƙera ta nan take, kunnena ya ji ta yi daɗi, shi ke nan na yarda da ita. Baba ya ce, "To, ku ne 'yan boko."

Kwana biyu na yi ina tsara takardar. Shafi uku, Hausa da Turanci, na zuba mata manyan kalmomin da nake gani a takardun lauyoyi, har da jan tambari na manna a ƙasa. (Irin wanda ake sayarwa a kantin littattafai ne, ba ya nufin komai.) Baba ya dangwala yatsa, maƙwabta biyu suka sa hannu, na kai ta shago na kulle a durowa ina jin na yi wa 'yar'uwata abin da ba wanda ya taɓa yi mata.

Bayan shekara biyu Baba ya rasu. Da aka yi sadakar arba'in muka zauna mu uku, na fito da takardar na karanta da murya irin ta masu labarai. Yaya Sani ya saurara har ƙarshe. Shekarar ba ta zo masa da kyau ba, cuta ta shiga dabbobinsa, ga iyali da yawa. Ya ce, "Ni ba na jayayya da Baba. Amma a kai wa alƙali. Abin da shari'a ta ba ni shi zan karɓa." Ni kuwa har da dariya. Na ce a je, gobe ma idan ana so.

Ranar Talatar kotu ta cika, kuma rabin mutanen da ke ciki na san su, don ni nake buga musu takardu. Alƙalin dattijo ne marar hayaniya. Na miƙa wasiyyar da hannu biyu. Ya sa tabarau ya karanta shafi na farko, ya juya na biyu, ya duba jan tambarin ya ɗan kankare shi da farce.

Ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Ni ne, Allah ya gafarta Malam." Har da ɗan rusunawa, ina jiran yabo.

"A ina ka yi karatun shari'a?"

Kafin in amsa, daga can bayan kotu wani ya ce, "Ai Barista ne!" Kotu ta fashe da dariya. Da ƙyar na ce, "Buga takardu nake yi."

Alƙali ya tsawatar aka yi shiru. Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ya yi bayani, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya: magaji ba a yi masa wasiyya, a rubuce take ko da baki, sai fa idan sauran magada sun amince bayan rasuwar. Sannan ya juya wurin Yaya Rabi, tana zaune ta rufe rabin fuskarta da mayafi.

"Lokacin da aka yi takardar nan mahaifinku yana da lafiya?"

Ta ce, "Idon ne kawai. Da ƙafarsa yake zuwa masallaci."

"To da a lokacin ya ba ki kyauta gaban shaidu, gidan ya koma hannunki, da wata maganar ake yi yau. Babu wanda ya ba shi wannan shawara?"

Ashe ranar da muka yi maganar a zaure tana bayan ƙofa tana tsince gyaɗa, ta ji komai. Daga baya na sani. A kotun dai ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Allah ne bai nufa ba." Dariyar da aka yi mini ba ta kai wannan ciwo ba.

Aka tambayi Yaya Sani ko ya amince, ya ce yana da iyali. Aka tambaye ni, na ce na bar mata kasona. (Kada ku yaba mini. Ba kirki ba ne, kunya ce, kuma sai da na yi mako ina juyayin abin a raina.) Aka raba gidan, aka ja katanga ta tsakiyarsa. Ɓangaren Yaya Sani ya haɗa da zauren da wurin suyarta, kafin damina ya sayar wa wani ɗan kasuwa. Ita kuwa sai ƙofa aka fasa mata ta lungu, yanzu a wani ɗan matsatsi take suya, hayaƙi na komawa ɗakin yara. Ita da Yaya Sani sai gaisuwar salla.

Ba ta taɓa yi mini gori ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, in ba ta takardar. Na ce me za ta yi da ita, takardar da ba ta da amfani? Ta ce, "Akwai dangwalen Baba a jiki." Tana nan cikin akwatinta, a naɗe da ɗankwali.

Watan jiya wani dattijo daga garin Babban Mutum ya zo in buga masa wasiyya, zai bar wa ƙaramin ɗansa gona. Na ce, "Baba, ka fara zuwa wurin malami ko lauya ka tambaya tukuna." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce da ma an faɗa masa ban iya aiki ba. Ya shiga shagon da ke kusa da nawa, aka buga masa cikin minti goma, har da adon furanni a gefe. Abin da na koya dai shi ne, "ban sani ba" tana korar ciniki, amma ban taɓa jin ta ja katanga a tsakiyar gidan kowa ba.