Masta Tahidu Ya Tace Gishiri

Allah Ya yi wa unguwar Dabokpa baiwa da Masta Tahidu. Daga Kukuo har Nyanshegu babu tabarau mai kaurin nasa. Makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji, amma shi yana da farar rigar ɗakin gwaji, da ita yake zuwa ɗaurin aure. Abokan aiki suna kiransa Farfesa Kwalba, yana amsawa da ɗaga yatsa ɗaya.

Da kujerar shugaban sashen kimiyya ta zama babu kowa, shugabar makaranta, Madam Serwaa, ta ce shi da Malama Alimatu kowa ya koyar a gaban malamai. Tambayar ɗaya ce: ruwan gishiri wane irin gauraye ne?

Alimatu ta gama a minti biyar. Ta ce gishiri ya narke, sama da ƙasa ɗanɗano ɗaya, gauraye ne na bai-ɗaya, ba a raba shi sai an tafasa ruwan ya ƙafe.

Farfesa ya yi dariyar tausayi. "Ilimin murhu ke nan! Jama'a, ruwan gishiri ɗan'uwan ruwa da yashi ne. Ni Tahidu zan raba su yanzu. Kuma gwajin da ba a yi sau uku ba, tatsuniya ce."

Ya zaro matacin kokon matarsa. Ya juye gishiri gwangwani guda a jug ɗin ruwa, ya motsa, ya tace. Mataci ya fito fes.

"Gishirin ya maƙale a cikin zare," in ji shi. "Idon da bai yi karatu ba ba ya ganinsa."

"To Masta, sha mu gani," in ji Madam.

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ya kafa kai ya shanye kofi guda. Jijiyar wuyansa ta miƙe, hawaye ya taru a bayan tabarau.

"Garai-garai," ya ce da muryar wanda aka shaƙe. "Kamar ruwan leda."

Alimatu, mace mai ladabi, ta rusuna ta sake cika kofin. "Masta, saura biyu. Kar ya zama tatsuniya."

Gwarzo ne, ya sha. A na uku cikinsa ya yi tsawa har sahun baya suka ji.

Da Madam ta faɗi sunan Alimatu a matsayin shugabar sashe, Farfesa bai ji ba. Yana bayan gida, inda ruwa da gishirin suka fita tare, yadda suka shiga.