Ruwan da Bai Shiga Littafi Ba

Wani ne, ranar Talata da ƙarfe biyu da rabi na rana abin ya fara da shi. Ba zan kama sunansa ba, don ni ce nake guge masa riguna.

Garin a kan tudu yake, can cikin duwatsu, ƙasa busasshiya ƙayau. Da bazara, kullum bayan azahar hadari yakan taso, ya yi baƙi, ya yi cida, mata su kwashe shanya a guje. Sai ka hango ruwa yana saukowa zare-zare, amma kafin ya iso ƙasa zafi ya shanye shi a hanya. Mata su mayar da shanya.

Mutumin nan a ƙaramar tashar duba yanayi yake aiki, a bakin gari. Ofishin ɗaki ɗaya ne, gidan ma'aikaci yana jikinsa, a nan muke zaune. Aikinsa ɗaya ne. Kullum ƙarfe tara na safe zai je tsakiyar fili inda ma'aunin ruwan sama yake tsaye, ya cire mazurari, ya juye abin da ya taru cikin kwalbar awo, ya karanta, ya rubuta a littafi, ya buga wa babban ofis waya. Wata bakwai a jere sifili yake rubutawa. Ni malamar lissafi ce, amma ban taɓa ganin hannun da ya iya zana sifili kamar nasa ba.

Sai babban ofis ya aiko da sabon ma'auni na tagulla, mai gindin ƙarfe, yana ƙyalli har kana ganin haƙoranka a jiki. Shugaban tashar zai yi tafiya, ya kira shi ya nuna masa da yatsa.

"Ka ga wannan? Ko ƙwarzane na gani a jikinsa, kai da aikin nan sai labari. Gidan ma ku tashi."

"In sha Allahu, Yallaɓai."

To, ranar Talatar nan waya ta yi ƙara. Babban ofis ne. Suka ce yau da yamma a sa ran tsawa mai ƙarfi, da iska, har da ƙanƙara. Gogan naku ya zuba silifa ya fita titi don ya gargaɗi jama'a.

"Yau akwai ruwa!"

Mai aski bai ko ɗago ba. "Wa ya aiko ka?"

"Babban ofis."

Tela ya leƙo daga shagonsa. "Wancan satin ma su suka aiko ka. Na kwashe keke na kulle kaina a ciki. Zufa ce kawai ta jiƙa ni."

"Na yau daban ne."

"Allah ya sa. Idan ya zo ka ɗibar min a cokali."

Ƙarfe huɗu gari ya rufe. Iska ta ɗauke tabarmar maƙwabciyarmu ta haye katanga da ita. Muna tsaye a taga, sai ɗigon farko ya faɗa cikin mazurarin, ƙwal.

"Malama, kin ji? A kansa ya faɗo."

"Ai aikinsa ke nan, Malam."

"Na sani. Amma da ƙarfi ya faɗo."

Sai ƙanƙara ta sauko. Ta farko kamar tsakuwa, ta biyu kamar ƙwan kaza. Ma'aunin ya fara kuka, tan-tan-tan. Mutumin ya suri lema ya fita. Iska ta juye lemar, ta tafi da ita inda tabarma ta tafi. Ya duƙa a kan ma'aunin ya rungume shi, ƙanƙara tana dukan bayansa.

"Malama! Zo ki kama!"

Na buɗe baki zan ce masa ya bar abin a wurinsa. Sai idona ya faɗa kan labulen da na ɗinka daidai da tagogin gidan nan, da kantocin da na sa aka kafa a kicin. Na ɗaura ɗankwali na fita.

"Kada ka kama ta mazurari, zai lanƙwashe. Kama ta ƙugu. Ni zan ɗauki gindi. Ɗaya, biyu, uku."

Ofis yana yoyo, falo kuma ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Muka wuce da shi uwar ɗaka, muka kwantar a kan gado. Da na leƙa ciki na ga har ya tara ruwa kaɗan.

"Wannan zai sa shi ya dafe," na ce. Na juye a bayi, na goge shi da tawul ciki da waje. Shi kuma ya lulluɓa masa bargo.

Awa biyu ana zubawa. Tsofaffin garin sun ce rabon da su ga irinsa tun suna da haƙora. Titi ya koma kogi. Bencin mai aski ya wuce ta ƙofar gidanmu da kaza biyu a kai. Tela ya hau tebur da kekensa yana kiran sunan Allah. Mu kuma muna zaune a ƙasa, jiƙe sharkaf, muna kallon gado.

"Alhamdu lillahi, ko ɗigo," in ji shi.

Washegari tara saura kwata muka mayar da shi fili, muna nutsewa cikin laka. Tara daidai ya cire mazurari, ya juye cikin kwalbar awo, ya ɗaga ta daidai ido. Ya daɗe yana kallo.

"Malama."

"Na'am."

"Sifili."

Na ce, "Bokitin wanki ya kwana a waje, ya cika har ya tumbatsa. Ka auna nasa mana."

"Bokiti ba ya cikin kayan ofis."

Na yi tunani, na ga gaskiyarsa. Ni ma ba na karɓar amsar da ɗalibi bai nuna hanyarta ba. Ya zana sifilinsa, ya buga waya.

Matar da ke karɓar rahoto ta ce, "Maimaita."

"Sifili."

"Malam, kukan kwaɗi fa nake ji a bayanka."

"Hajiya, abin da ma'auni ya ce kuka ce in faɗa. Ba ku ce in tambayi kwaɗi ba."

Da rana rediyo ta sanar cewa an yi ruwa mai yawa a ko'ina, ban da garinmu, inda fari yake ci gaba. Ba a yi minti goma ba mai aski ya iso, laka har gwiwa.

"An ce ba a yi ruwa ba."

"A hukumance."

"To zo mu je ka gaya wa bencina a hukumance. Yana can a kan bishiya bayan makaranta, ya ƙi saukowa."

Ranar Alhamis shugaban tasha ya dawo a ƙafa, takalma a hannu, don gada ta karye. Ya buɗe littafi. Ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Ina ma'aunin yake lokacin da ake ruwa?"

"A kan gado, Yallaɓai."

"Gadon wa?"

"Namu. Amma mun canza zanen gado."

Shugaba ya juyo gare ni. "Ke kuma Malama, da karatunki, kina tsaye kina kallo?"

"A'a, Yallaɓai. Ni na ɗauki gindin."

Ya zauna a kan kujera, ya ce a ba shi ruwa. Da ya sha, ya ce, "Gobe mai duba tashoshi zai zo daga babban ofis. A gabansa zan sallame ka. Ku fara haɗa kaya."

Muka yini muna haɗawa. Kwali goma sha ɗaya, kowanne na rubuta abin da ke ciki a gefe biyu.

Ranar Jumma'a mai duba tashoshi ya iso, dattijo mai tabarau, ransa a ɓace. Tasha goma sha uku ya zaga kafin tamu. A wata ƙanƙara ta mayar da ma'auni kamar tsohon kwano. A wata iska ta ɗauke shi, har yanzu ana cigiya. Ya shigo filinmu, ya tsaya cak. Ya zagaya ma'aunin sau biyu, ya shafa shi, ya duba fuskarsa a jikin tagullar ya gyara hularsa.

"Wa yake kula da wannan?"

Shugaba ya ce, "Shi ne, Yallaɓai. Dama maganarsa nake so mu yi. Idan ka duba littafi..."

"Littafi kowa yana da shi. Ma'auni nake nema." Ya kalli sama, hadari ya fara haɗuwa, ga gada babu. "Ba ni da lokaci. An ce wannan bazarar haka za ta ci gaba, tsawa da ƙanƙara kowane sati. Za a sake aiko da sababbi. Daga yau duka goma sha huɗun suna hannun mutumin nan."



Dattijon ya ciro biro. "Me kake buƙata don aikin? A ba ka babur?"

Gogan naku ya juyo gare ni. "Malama, namu nawa zai ɗauka?"

"Uku, idan an jera su a gicciye."

Ya ƙirga da yatsu, na gyara masa.

"Yallaɓai, a bar babur. A ƙaro mana gado huɗu."