Rasuwar Akwati Mai Kwaɗo Uku

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Dapsiya Golopo, mai digiri a fannin shari'a, nake sanar da jama'ar garinmu na bakin kogin Logon rasuwar abokin aikina kuma dalilin albashina, Akwatin Kwangilar Gaggawa na ofishin magajin gari. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin da ya zauna tun kafin a haifi mahaifiyata.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini, tambaya ɗaya tana cin raina: shin mai tsare amana na bauta wa, ko kuwa katako? Amma mamaci yana da hakkin a faɗi alherinsa.

An sassaƙa marigayin da icen maɗaci a zamanin Turawa, lokacin da babbar masifar da hukuma ta sani ita ce annobar shanu. Dokar da ta haife shi ta ce ba za a sayi buhu, ko shebur, ko a yi hayar kwalekwale don agaji ba, sai 'yan kwangila sun jefa takardunsu ta ɗan tsagin da ke murfinsa, sannan a buɗe shi gaban masu makulli uku: magajin gari, da ma'aji, da likitan dabbobi. Shanu sun warke tuntuni, doka ba ta samu labari ba.

Likitan dabbobinmu, Dokta Jonwe, a ƙetaren kogi yake zaune, inda garkuna suke. Idan ruwa ya cika, sai da kwalekwale ake ɗauko shi. Hayar kwalekwale kuwa sai an buɗe akwati. Akwati kuma ba ya buɗuwa sai da Dokta Jonwe. Na yi nazarin wannan lamari fiye da yadda na yi nazarin kundin digirina, kuma ina shaida cewa ba shi da ɓaraka ko ɗaya. Saboda haka marigayin bai taɓa buɗuwa da damina ba. Da rani yake buɗuwa, a natse, a zaɓi wanda zai kawo buhunan ambaliyar da ta riga ta wuce.

Ya kasance mai haƙuri, mai riƙon sirri, marar son kai. Bai taɓa karɓar cin hanci ba. Bai taɓa fifita wani ɗan kwangila a kan wani ba, dukkansu ya haɗiye su daidai. Ba shi da yawan magana: "fat" idan ambulan ya faɗa cikinsa, "ƙwas" sau uku ranar buɗewa, sai doguwar "ƙiiii" ta murfi, wadda har yanzu nake ji idan ofis ya yi shiru.

Ba kowa ne ya fahimce shi ba. Shekarar da ɗakin mahaifiyata ya zube a Unguwar Masunta, tana tsaye ruwa iya gwiwa, tukunyar dawa a ka, na yi mata bayanin doka sashe-sashe. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Dapsiya, na sayar da saniya na kai ka jami'a, ashe kwancin akwati za ka zo ka yi kamar kaza? Kazar ma tana ƙyanƙyasa." Na yafe mata a madadinsa.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Rediyo ya sanar cewa an soke tsohuwar dokar, daga yanzu hukuma na iya sayen kayan agaji nan take, a yi bincike daga baya. Kafin la'asar magajin gari ya yi odar buhuna ta waya, bai ko dubi inda marigayin yake ba. Washegari sakatariya ta ɗora filas ɗin shayinta a kansa. Da na nuna rashin jin daɗi, ta ce, "Maigida mai gadin gawa, to a kanka zan ɗora?" A nan na san rai ya yi halinsa.

Ya rasu ya bar kwaɗo uku, da makulli biyu a gari, ɗaya a ƙetare. Da tebur mai ƙafa ɗaya gajera. Da iyalin gara da ya riƙa tun suna ƙanana. Da takardun bana na masu neman kawo yashi, waɗanda ke cikinsa har yanzu. Da ni, wanda ba a faɗa mini abin da zan riƙa tsarewa ba.

Game da jana'iza: ma'aji ya ba da shawarar a faskara shi a dafa shayi. Ranar Alhamis aka aiko cewa jingar da ke tare kogi a bayan Unguwar Masunta ta fara yoyo, daidai bayan sabon ɗakin mahaifiyata, motar buhuna kuma ta maƙale a taɓo a hanya. Na ɗora marigayin a baro na tura shi can. Matasa suka kawo guduma su fasa kwaɗon, na hana, domin Dokta Jonwe ba ya nan. Ta ɗan tsagin nan na cika shi da yashi, tafi bayan tafi, mahaifiyata tana miƙo mini a ƙwarya tana cewa, "Yi sauri, lauya, kogin bai yi jami'a ba." Mutum huɗu muka ɗaga shi, muka saukar da shi cikin ramin da ruwa ya ci a jingar, muka bi da laka. Ya zauna daram, kamar don wurin aka auna shi. Ruwan ya tsaya.

Ana karɓar gaisuwa a kan jingar, kullum daga safe. Kada a kawo tabarma, a zo da shebur. Wanda ya riga ni ganin Dokta Jonwe ya gaya masa ya riƙe makullin.