Tawadar da Ta Ƙi Wanki

Ba zan taɓa mantawa da tawadar da na haɗa wa Baffana a Wurno ba, ko da yake shi tuni ya yafe min.

Lokacin Turawa ba su tafi ba. Na gama karatun kimiyya a Kudu, aka ba ni gurbin zuwa Ingila in yi bincike a kan yadda abubuwa masu danƙo, irin su ƙaro, ke manne wa katako da ƙarfe. Abin da ya rage kawai yardar Baffa, wan mahaifina, malamin zaure, wanda tun rasuwar babanmu ba a motsi a gidan sai ya ce to. Shi kuwa a ganinsa wauta ce mutum ya haye teku don ƙaro, alhali ga shi nan birjik a dajin Rabah.

Sai na ce bari in nuna masa amfanin boko. Na lura tawadarsa da gumi ya taɓa ta sai ta dame, don haka na haɗa masa wata da ƙaron Turawa da muke shafa wa katako a ɗakin gwaji. Wannan kam, ruwa ba ya ko motsa ta. (Har tsoma rubutunta na yi a randa, ina yi wa kaina kirari.) Ban gaya masa sirrin ba, wai so nake ya gani da idonsa.

Ya kuwa gani. Wata Juma'a bayan la'asar, dattawa sun cika zaure, sai ga surukinsa daga Goronyo yana neman rubutun sha saboda ciwon kai. Baffa ya jawo allonsa na gado, ya rubuta, har yana yaba baƙin tawadar, ni kuma ina gefe ina kumbura. Sai da ya ce a miƙo ƙwarya da ruwa na farga. Ni da na tashi da shan rubutu, ban taɓa kawo wa raina cewa allo don a wanke ake rubuta shi ba.

Ya zuba ruwa ya goga, ya sake gogawa. Rubutu na nan daram, ruwa garau. Wani tsoho har ya fara kabbara, ya ɗauka karama ce.

Baffa ya ɗago ya dube ni. "Kai, mi kaz zuba cikin tawadag ga?"

Na yi bayani kaina a ƙasa, ina fatan ƙasa ta tsage. Na riga na sallama Ingila. Ya daɗe yana juya allon, sannan ya ce wa dattawa, "Ku bar shi shi tai. Rabin karatu gare shi. Ya iya mannawa, bai iya cirewa ba."

Da wannan izinin na shiga jirgin ruwa, kuma cikin ikon Allah a kan rabin da ya rage na ƙare aikina, na ci abinci da shi har na tsufa. Har yau kafin in gyara wa mutum abinsa, sai na fara tambayarsa ko ya lalace.