Sallahun Inna Ya Tafi Faransa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da duk bankinmu ya san ciwon da ke damuna ba, kuma daga bakin mahaifiyata, wadda ko ƙofar bankin ba ta taɓa takawa ba.

Shekarun matsin nan ne, lokacin da bankuna ke rufewa a Duwala ta Kamaru ɗaya bayan ɗaya, albashi kuwa sai an ga dama. Ni ne mai kula da teleks a reshenmu na Akwa, wato injin da muke aika umarnin biyan kuɗi ƙasashen waje da shi. Sai ka fara buga saƙon, injin ya huhhuda shi a jikin wani siririn zaren takarda. In ka samu layi ka saka zaren, ya zuba da gudu yana fitar da rubutun a fili. Kusan kowane mako sai an sallami wani, ni kuwa na fi kowa sabunta a wurin. Ko tari darakta ya yi sai in ɗauka ni za a sallama.

A unguwarmu ta New Bell kuwa ni babban mutum ne (kwat nake sawa, ai dole). Ana haka Inna ta ji cewa shagon da Yaya Sani yake aiki a Jidda suna da irin injin nan. Shi ke nan na shiga uku.

"Kullum kana aika saƙon mutanen da ba ka sani ba, na ɗan'uwanka ne zai gagare ka?"

"Inna, injin na kuɗi ne, ba na gaisuwa ba."

"To su kuɗin haka kuke tura su, ko sallama babu? Zauna ka ji sallahuna."

Ta faɗa, na rubuta, sannan ta sa na rantse ba zan rage ko kalma ɗaya ba, don in Yaya ya dawo za ta tambaye shi. Na huda saƙon a ɓoye lokacin cin abinci, na naɗe zaren na jefa cikin durowa ina jiran ranar da ido zai ɗauke. Tun daga nan ban sake samun sukuni ba. In fita in dawo, in buɗe durowa in rufe, ko alwala nake hankalina na can.

Ranar da dubuna ta cika, wani sufeto ya sauka daga hedikwata, yana farautar ma'aikatan da ke taimaka wa masu hali su sulale da dukiyarsu waje. Darakta ya kawo shi ɗakina ya ga yadda za mu aika kuɗin wani ɗan kasuwar atamfa zuwa Faris. Suka tsaya a kaina. Na kira layi, na samu, na buɗe durowa. Zare biyu a naɗe, na Inna da na ɗan kasuwar, kamar an tsaga kara. Na ɗauki ɗaya na saka.

Injin ya fara: ASSALAMU ALAIKUM SANI INA GAJIYA YAYA BAKUNTA.

Na kai hannu zan tsayar, sufeto ya damƙe ni. "Ne touchez à rien!" Wato kada in taɓa komai. A ganinsa ya kama saƙon asiri. Na rantse masa Hausa ce, ya ce wanda ake tuhuma ba ya yi wa kansa tafinta. Aka aika a kira Madam Aissatu mai karɓar kuɗi, 'yar Garwa mai jin Hausa, wadda saboda ita nake goge takalmina sau biyu kowace safiya, amma ban taɓa ce mata komai ba ban da "bonjour".

Ta tsaya ta shiga juya maganar Inna zuwa Faransanci, ma'aikata sun cika ƙofa. Gaisuwar Baba Liman, gaisuwar maƙwabta, ruwan sama ya sake shiga ɗaki. Sannan aka iso kaina.

"Ƙaninka yana nan, albashi shiru, har yanzu tukunyata yake ci. Kwat ɗinka da ka bari ita yake sawa, na sa tela ya rage mata hannu."

Duk idanu suka sauka kan hannun kwat ɗin.

"Zaman kujera ya tayar masa da basir, ba ya zama sai a karkace. Ka aiko masa da magani."

A karkace nake zaune a lokacin. Na yi ƙoƙarin gyarawa, na kasa.

Da ta iso layi na gaba sai ta dakata. Sufeto ya ce, "Continuez, madame," wato ta ci gaba. Ta sunkuyar da kai ta karanta: "Akwai wata 'yar Garwa a wurin aikinsu da ya ishe ni da zancenta, amma ya kasa buɗe baki. Ka yi masa faɗa."

(Kada ku tambaye ni me ya sa na buga har wannan. Rantsuwa na yi, kuma ba ku san Inna ba.)

Wallahi na gwammace a ce ɓarawo aka kama. Sufeto ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa darakta mai fitar da kuɗi waje ba ya yawo da kwat ɗin aro. Ba a kore ni ba. An dai ce za a cire kuɗin layin daga albashina, duk ranar da Allah Ya kawo shi.

Da na koma gida Inna ta tare ni a tsakar gida. "Ya isa?"

"Ya isa Faransa, Inna."

"Wa muke da shi a Faransa? Gobe ka sake."

Washegari na shiga ofis ina bin bango, sai na tarar da wani ɗan matashi mai taushi a kan kujerata. Na leƙa wajen Madam Aissatu, ko kai ba ta ɗago ba, amma kafaɗunta na rawa don dariya.

Na zauna a kai, ya zan yi? Tun daga ranar na gane cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gara ka ce wa uwarka a'a a cikin ɗaki ka sha faɗa, da ka ce mata to, har mutanen Faris su san yadda kake zama.